Jan Babur na Gidan Alhaji Mainasara

Mijinyawa makaniken babura ne a Boɗinga. Rumfarsa ta kwano tana bayan tasha, kusa da masu sayar da albasa, shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune a wurin. Tun asali ba mai yawan magana ba ne. Da kunne aka san shi: a tayar da inji a gabansa, ya ɗan saurara, ya faɗi abin da ke damunsa tun bai ɗauki sifana ba. Shi ya sa duk wanda zai sayi babur na hannu, daga Dingyaɗi har Horo Birni, sai ya nemi Mijinyawa ya duba masa tukuna.

A daminar 1983, ana tsakiyar yawon neman ƙuri'a, babur ya buge 'yarsa Lami a kan titin da ya nufi Shagari. Shekararta bakwai. Uwarta Khadijatu ce ta aike ta da fura gona wurin kakanta. Ta zo tsallaka titi daidai wata tsamiya da ke bayan kwana, babur ya ɓullo. Ba ta kai asibiti ba. Wanda ke kan babur ɗin Maniru ne, ɗan Alhaji Mainasara ɗan kwangila na Shagari, yana sauri ya riski ayarin jam'iyya da ya wuce zuwa Sakkwato. Shi ma ya karye a cinya. Alhaji ya zo gaisuwa da kansa tare da dattawan garinsu, suka zauna a kan tabarma a ƙofar gida har la'asar. A wurin 'yan sanda an rubuta cewa yaron ba gudu yake yi ba, sittin yake tafiya, yarinyar ce ta faɗo masa. Mahaifin Mijinyawa ya ce an yafe, kwana ne ya ƙare. Mijinyawa ma ya ce an yafe. Da aka yi sadakar bakwai ya koma rumfa.

Bai yi kuka ba, ko ranar, ko bayanta. Ya yi ta jira abin ya zo masa, bai zo ba. Yana cin tuwo in an ajiye masa, yana sallah a cikin sahu, yana amsa gaisuwa daidai yadda ake amsawa. Sai dai komai ya koma masa kamar ana yi a gidan maƙwabta yana ji ta kan katanga. Khadijatu kuwa ta daina aiken kowa. In gishiri ya ƙare sai ta dafa miya haka nan, ta jira ya dawo ya sayo. A cikin gidan ba wanda ke ambaton yarinyar.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, gero ya tsaya bai cika ido ba. Kayan gyara suka yi wuya tun da gwamnati ta tsuke shigo da kaya, filogi ma sai an aika Kano. Aikin rumfa ya koma faci da ɗaure-ɗaure.

Da kaka Sodangi ya dawo daga Legas. Abokin Mijinyawa ne tun suna kiwon awaki. Kamfanin da yake yi wa gadi ya rufe, aka sallame su, ya dawo da ɗan abin da ya samu da niyyar shiga dillancin albasa. Ya zo ya yi wa Mijinyawa gaisuwar rashi tun a makon da ya sauka. An gaya masa babur ne ya buge ta, ba a gaya masa na wane ne ba, shi kuma bai tambaya ba.

Wata ranar Talata ya shigo rumfa yana murmushi, ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Jiya na hau wani abu a Shagari," in ji shi. "Tun da nike ban taɓa hawan irinai ba. Ja na, salansa biyu, tankin kwance awa tulu. Irin na tsere. Da na murɗa totur sai da hulata tat tashi."

"Na wa na?" Mijinyawa ya tambaya, yana ɗaure notin tayar wani tsohon babur.

"Na ɗan Alhaji Mainasara. An ce yaron ya hwaɗi da shi, ya bar hawa, uban na son rabuwa da shi. Ni dai ya shiga raina. Amma ba ni saye sai ka sa mai kunne."

Mijinyawa ya gama ɗaure notin. Ya kama na gaba ya ɗaure shi ma. Ya ɗan dakata ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Abin da ya ji kawai shi ne zafin kwanon rumfa a bayan wuyansa.

"Yaushe kaka son mu tahi?"

"Gobe da hantsi, in ba ka da aiki."

"Ba ni da aiki."

Washegari suka hau ƙaramin babur ɗin Mijinyawa, Sodangi a baya. Gonaki hagu da dama duk kara ne gajere, an riga an yanke ɗan abin da ya yi. Hotunan 'yan takara na nan manne a jikin itatuwa, rana ta cinye fuskokin. Sodangi yana ta magana a kunnensa: yadda zai riƙa cin kasuwa uku a yini ɗaya, yadda zai riga sauran dillalai isa fadama. Suka wuce tsamiyar, suka wuce kwanar. Mijinyawa bai rage gudu ba, bai ƙara ba.

Gidan Alhaji Mainasara na siminti ne, da babban zaure. A ƙofar gidan tifa biyu na tsaye, tayoyinsu sun sace, awaki na kwance a inuwarsu. Tun da aka gama zaɓe kwangila ta tsaya. Alhaji yana zaune a kan kujerar ƙarfe da carbi a hannu. Da ya ga wanda ya sauko daga babur sai hannun ya tsaya.

Suka durƙusa suka gaishe shi.

"Allah shi daɗe da ran Alhaji. Ga makaniken da nac ce zan zo da shi," in ji Sodangi.

"Malam Mijinyawa," in ji Alhaji a hankali. "Kai anka ɗauko?"

"Ni na, Alhaji."

"Ina tsoho? Ina iyali?"

"Suna lahiya. Suna gaisuwa."

Alhaji ya dubi Sodangi, ya ga ba abin da ya sani, ya sake duban Mijinyawa kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Ya juya wajen zaure ya kira ɗansa. An ɗan jima kafin Maniru ya fito. Saurayi ne dogo, bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya rame, yana dogara sanda, ƙafar dama ta gajarce. Da ya ga Mijinyawa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya gaishe shi, muryar ba ta fita sosai. Mijinyawa ya amsa. Maniru ya miƙa makulli ga Sodangi, ba ga shi ba.

Sodangi ne ya turo babur ɗin daga gareji ya kafe shi a inuwar dogon yaro. Abu ne mai kyau, wannan ba musu. Ja ne wur, dogo, mariƙinsa ƙasa-ƙasa yadda mai hawa zai kwanta a kan tanki. Salansa biyun suna ƙyalli. Wannan ne karo na farko da Mijinyawa ya gan shi da idonsa. Ranar da abin ya faru, kafin ya iso an riga an jefa shi a bayan mota an tafi da shi.

"In tada shi?" in ji Sodangi.

"Bari tukuna."

Ya ɗora bayan hannunsa a kan inji. Da sanyi, ba a ɗumama shi don a ɓoye wani abu ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Ya kwance filogi biyun ya duba bakinsu, ya mayar. Ya ja sarƙa ya ga iyakar sakinta, ya bi haƙoran sifoket da farce. Ya ƙwanƙwasa wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya da sifana yana sauraron ƙarar kowacce. Hannuwansa sun san aikin, suna yi ba sai ya umarce su ba.

Sannan ya zo gaba ya tsuguna. Fitila sabuwa ce. Madigadin gaba sabo ne. Tayar gaba da garenta duka sababbi. Fentin tanki ya fi na gefe haske kaɗan, an sake fesa shi. Ya daɗe yana duban gaban babur ɗin, tsakanin ƙarafa, ƙarƙashin fitila, inda tsumma ba ya kaiwa. Bai san abin da yake nema ba. Ba komai a wurin, an wanke shi tas.

Ya leƙa wuyan babur, inda kai ya haɗu da ƙashin jiki, ya kankare fenti kaɗan da farce. Akwai tabon wuta, an gasa ƙarfen an miƙar. Ya ciro igiya daga aljihu, ya ba Sodangi bakinta ya riƙe a tayar baya, ya ja ta zuwa ta gaba, ya runtse ido ɗaya. Tayoyin ba su bi layi ɗaya ba. Bambancin bai fi kaurin yatsa ba.

Tayar baya tsohuwa ce, ba a canza ta ba. Ya juya ta a hankali da tafin hannu. A wuri ɗaya, kamar faɗin tafi, roba ta side ta yi sumul, zanenta ya ɓace. Ya tsayar da tayar a nan ya shafa wurin, sannan ya ci gaba da juyawa.

"To, tada shi."

Bugu ɗaya ya kama. Mijinyawa ya sunkuyar da kai ya saurara. Ba ƙwanƙwasa, ba shaƙewa, silinda biyun suna amsa wa juna daidai. Ya sa hannu a bakin salansa, ya duba tafinsa, ba mai. Inji ne da bai yi aikin kirki ba tukuna.

"Zan zagaya da shi," ya ce wa Alhaji.

"Bisimilla," in ji Alhaji. Maniru na nan a bakin zaure, bai zauna ba.

Ya hau titi ya nufi arewa, wajen Boɗinga. Giya tana shiga sumul. Kuloci ba ya zamewa. Da ya kai arba'in ya saki hannuwansa biyu, babur ya soma lallaɓawa hagu, ya kama shi. Ya sake gwadawa, haka. Abin da zai gaya wa Sodangi ya riga ya samu, nan ya kamata ya juya. Bai juya ba. Ya kwanta a kan tanki ya murɗa totur, iska ta cika masa riga, allurar agogon gudu ta haura ta wuce inda bai taɓa kai kowane babur ba. Jikinsa ya gane daɗin abin. Ya lura da haka kamar yadda zai lura da ɗigon mai a injin wani.

Bai daɗe ba ya sha kwanar, ya hango tsamiyar. Ya rage gudu, ya wuce ta, ya tsaya a gefen titi.

Wanda ya taso daga Shagari, kwanar tana ɓoye masa abin da ke gaba sai ya kai wata kwalbati, a nan ne zai fara hango turbar da mutanen gari ke bi su tsallaka zuwa gonaki. Mahaifinsa ya taɓa nuna masa inda aka ɗauke ta da inda ƙwaryar furar ta faɗi. Ya juya babur ya koma baya da nisa, ya sake tahowa kamar yadda Maniru ya taho.

Ya daidaita allura a kan sittin. Da ya kai kwalbati ya kama birki gaba da baya. Babur ya tsaya lafiya lau. Ya kafe shi, ya sauka, ya taka zuwa turbar. Taku ashirin da uku.

Ya koma ya taho da tamanin. Ya tsaya da ɗan kukan taya, gaban babur ya rage kaɗan ya taɓa turbar. Mutum zai tsorata, amma zai tashi ya karkaɗe jikinsa.

Ya koma karo na uku, ya ƙara nisa. Ya sha kwanar allura na kan ɗari. A kwalbati ya matse birki iya ƙarfinsa. Tayar baya ta kulle ta yi ƙara, bayan babur ya yi wutsiya, turbar ta wuce ta ƙarƙashinsa, tsamiyar ta wuce, sai can gaba ya tsaya, warin roba na tashi. Ya sa ƙafa a ƙasa.

Wani tsoho da jaki ɗauke da kara ya tsaya a bakin turbar yana kallonsa. Ba mutumin Boɗinga ba ne, Mijinyawa bai san shi ba.

"Samari, lahiya kaka wanga wasa a nan?" in ji tsohon.

"Birki nika gwadawa, Baba."

"To ka gwada wani wuri. Nan wata yarinya tar rasu bana da damina. Irin wanga abu naku yak kashe ta."

"To, Baba. Na gode."

Tsohon ya kora jakinsa ya tsallaka. Mijinyawa ya jira har ya shige cikin gonaki, sannan ya juya ya koma Shagari a hankali.

Ya tarar da su inda ya bar su, sai dai an kawo wa Sodangi ruwa a kwano. Ya kafe babur, ya zare makulli ya ajiye a kan sirdi.

"Ka daɗe," in ji Sodangi. "Yaya kag gani?"

Mijinyawa ya goge hannu da tsumma. Ya yi magana yadda ya saba yi wa kowane mai saye, a gaban mai sayarwa.

"Inji lahiya lau. Ban taɓa jin mai kyawonai ba a ƙasag ga. Giya da kuloci ba abin da yas same su. Birki na kamawa. Amma wuyan ya taɓa lanƙwashewa, an gasa an miƙe, bai koma daidai ba. Shina ja hagu. In kana tahiya a hankali ba ka ji, in ka yi gudu ka taka rami, shi za shi zaɓa maka inda za ka. Tayar baya ta mutu wuri guda, sai an sake ta, kuma irin girmanta babu a Sakkwato yanzu."

"Wuyan ba shi gyaruwa?"

"An riga an gyara. Iyakar gyaran ke nan."

Sodangi ya shafa tankin. "Ni shekaranjiya ban ji komi ba."

"Rannan daɗinai kaka ji. Sannan ka duba bayan. Ina za ka ɗaura buhu? Cikinai kuma ya yi kusa da ƙasa, ba shi shiga yashin hwadama, salansa za ka bari a can. Mai kuma shina sha awa mota. An yi shi don kwalta da mutum guda."

Alhaji bai yi gardama ba. Ya ce, "Abin da Malam yac ce, haka na. An miƙe wuyan a Kaduna." Ya tashi da ƙyar, ya ce wa Sodangi, "Zo in gwada maka takardunai, ko ba ka saye." Ya ja shi cikin zaure.

Aka bar Mijinyawa da Maniru. Mijinyawa ya tsuguna yana naɗe igiyarsa. Ya ji ƙarar sanda tana matsowa, ta tsaya kusa da shi.

"Malam," in ji Maniru. "Ba sittin nika yi ba."

"Na sani."

"Ya wuce ɗari. Ni nac ce musu sittin. An ce in ce haka, ni kuma nac ce."

"Na gwada yanzu. Da sittin na, da ka tsaya."

Maniru ya sauya hannun da ke riƙe da sanda.

"Na taka birki, Malam. Wallahi na taka."

"Na gani ga tayar baya."

"Ta tsaya bakin hanya ta duba. Na gan ta ta duba. Ba ta hwaɗo mini ba. Ta duba ba ta ga kowa ba, sannan tat taka."

Mijinyawa ya sa igiyar a aljihu. Ya miƙe. Yaron yana kallonsa, idanunsa sun yi ja, yana jiran a zage shi, ko a mare shi, ko a ce masa wani abu. Mijinyawa ya laluba cikinsa ya ga ko akwai abin da zai ba shi. Bai samu ba.

"An yahe maka tun rannan," ya ce. "Ba ni da wata magana sabuwa." Ya dubi ƙafar. "Mi likita yac ce?"

"Ya ce haka za ta zauna."

"Allah shi sawwaƙe."

"Amin."

Da Sodangi ya fito daga zaure fuskarsa ta canza. Ba takarda a hannunsa. Bai sake duban babur ɗin ba. Suka yi wa Alhaji sallama, Alhaji ya rako su har bakin titi, abin da bai saba yi wa kowa ba, ya riƙe hannun Mijinyawa da hannu biyu, sannan ya saki.

Suka kama hanya. Sai da suka kusa rabi Sodangi ya taɓa kafaɗar Mijinyawa ya ce ya tsaya. Suka sauka a inuwar wani gawo.

"Alhaji ya hwaɗa mini," in ji Sodangi. "Don mi ba ka hwaɗa mini tun jiya ba?"

"Babur kac ce in duba maka."

"Da na sani ko kusa ba ni kai ka. Ni da nika ta yabonai a gabanka." Ya cire hula ya goge fuska da ita. "Ka gahwarce ni."

"Ba ka yi komi ba."

Wata motar itace ta wuce su tana hayaƙi. Sodangi ya bi ta da kallo.

"Abin da kac ce ga wuyan, gaskiya na? Ko dai ba ka son ganinai a Boɗinga? In haka na ma, ya isa dalili."

"Gaskiya na. Ka ga igiya da idonka. In da aikin ohis kaka yi a Sakkwato, kuma kana da haƙurin tahiya a hankali, da na ce ka saya."

"Da ka ce in saya?"

"Injin na da kyau."

Sodangi ya dube shi ya daɗe, kamar yana duban mutumin da ya tashi daga doguwar jinya. Ya mayar da hularsa. Suka hau suka ƙarasa. Da suka zo tsamiyar, baƙin layin taya na nan a kan kwalta, sabo, ya ratsa turbar ya wuce. Sodangi ya gani, bai tambaya ba.

Mijinyawa bai buɗe rumfa ba a ranar. Ya sauke Sodangi a tasha ya wuce gida, ana kiran la'asar. Khadijatu tana tsakar gida tana sheƙar ɗan geron da aka samu. Ta yi masa sannu da zuwa ba ta ɗago ba. Ya yi alwala ya yi sallah a kan buzu a gindin bango, ya zauna a wurin.

"Shagari nit tahi yau," ya ce.

Ta ci gaba da sheƙa.

"Gidan Alhaji Mainasara. Sodangi na son sayen babur ɗin, yac ce in duba mai."

Faifan ya tsaya a hannunta.

"Ka hau shi?"

"Na hau."

"Ka ga yaron?"

"Na gan shi. Da sanda shika tahiya." Ya ɗan dakata. "Gudu shika yi rannan, ya wuce ɗari. Shi yah hwaɗa da bakinai, ni ma na gwada na gani. Yac ce ta tsaya ta duba hanya kahin ta taka, yadda kika koya mata. Ko babba na a wurin, ba shi tsira."

Khadijatu ta ajiye faifan a kan ƙwarya. Ta karkaɗe ƙaiƙayi daga zanenta, a hankali, har inda babu ƙaiƙayin.

"Ta duba?"

"Ta duba."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Bai bi ta ba. Bai ji kuka ba, bai ji komai ba. Kaji suka zo kan geron, ya tashi ya kore su, ya rufe ƙwaryar da faifai, ya koma ya zauna. Can kafin magariba ta fito ta hura wuta ta ɗora tukunya.

Sodangi bai sayi jan babur ɗin ba. Bayan mako biyu ya sami wani ƙarami na hannu a wurin wani malamin makaranta, mai kariya a baya da za ta ɗauki buhu, Mijinyawa ya duba masa ya ce ya saya. Jan kuwa, an ce wani ma'aikacin banki daga Birnin Kebbi ya zo ya ɗauke shi a bayan a-kori-kura kafin ƙarshen shekara.

Khadijatu ta nemi ya kai ta Dingyaɗi wurin uwarta ta kwana biyu. Ya kai ta, ta yi kwana tara. Da ta dawo ta buɗe akwati ta kwashe kayan yarinyar, riguna uku da ɗankwali da takalmin roba, ta ƙulle su a tsumma, ta ba shi ta ce in ya sami mai zuwa Dingyaɗi ya aika wa 'yar ƙanwarta, sun kusa zama tsara. Ya ɗaure ƙullin a bayan babur ya tafi da shi rumfa. Ranar kasuwa ya sami mai zuwa, ya ba shi.